Ɗan Majalisar da Ya Shiga Gidan Masu Leƙen Asiri

Na koma karatu ne bayan mun daɗe a Madina, lokacin da autata ta shiga sakandare, gida ya fara yi mini faɗi da rana. Maigidana mai harhaɗa magunguna ne, yana aiki a wata saidaliyya, wato kantin magani, a bayan otal-otal ɗin da suka kewaye Harami. Ni kuwa kafin in biyo shi, kimiyyar siyasa nake koyarwa a wata kwaleji a Zariya. Da muka zo na ajiye alli, na rungumi tukunya da renon yara, sai kuma karatun Alƙur'ani da muke yi da matan unguwarmu ta Ƙurban bayan la'asar. Ban taɓa yin da-na-sani ba, amma kaina ya riƙa yi mini ƙaiƙayi. Da wata jami'a a gida ta yarda in yi digiri na uku daga nesa, in riƙa zuwa lokaci-lokaci, ban yi shawara da kowa ba sai maigida.

Abin da na zaɓa in yi bincike a kai shi ne yadda majalisun dokoki ke sa ido kan hukumomin leƙen asiri na farin kaya a ƙasashen gabashin Turai, waɗanda suka fito daga mulkin gurguzu suka koma zaɓe. Ranar da na faɗa wa matan karatunmu, wata 'yar Damagaram da muke shiri sosai ta waiga ta dubi ƙofa, ta rage murya, ta tambaye ni ko dai aikin leƙen asirin zan shiga. Sauran suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Wata kuma ta ce duk duniya na rasa abin karanta sai mutanen da ko gaisuwarsu ban iya ba.

Ina da dalilina. Ina yarinya, zamanin soja, mahaifina yana cikin shugabannin ƙungiyar malamai. Wata safiya wasu mutane sanye da kaftani mai guga suka yi sallama da shi, suka ce ya zo su ɗan yi magana, ya bi su da silifas a ƙafa. Bayan kwanaki ya dawo a rame, ya yi wanka, ya ci abinci, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ba mu labarin inda aka kai shi ba. Babu wanda ya san ofishin da za a je a tambaya. Na girma ina son in san ko akwai ƙasar da irin waɗannan mutane suke da wanda suke shakka. Malamin da ke duba aikina ya ce to in dubi ƙasashen da tsoronsu ya fi namu tsanani, in ga yadda suka yi da suka tashi gyara.

Na karanta dokokinsu har sai da aka canza mini tabarau. A takarda komai tsaf yake: ga kwamiti, ga rantsuwa, ga rahoton da hukuma za ta kawo duk shekara. Na rubuta babi biyu ina jin kaina, na aika. Malamin ya kira ni ya ce, "Hajiya, wannan duk abin da suka rubuta ne. Ina wanda ya zauna a cikin ɗakin?" Na shiga aika saƙonni ga majalisun ƙasashen da tsofaffin 'yan kwamitin da na ga sunayensu. Yawanci shiru ne ya biyo baya. Waɗanda suka amsa suka gode mini da ladabi, suka ce ba su da hurumin magana. Ban ga laifinsu ba. Wata mata da ba su sani ba, 'yar Najeriya, tana zaune a Madina, tana tambayarsu sirrin ƙasarsu, ko ni ce zan yi shiru. Na kai matakin da na fara tunanin canza batun gaba ɗaya.

Ana cikin haka, wata rana maigida ya dawo cin abincin rana. Ina kicin na ji ƙarar makulli, na ji sallamarsa a gaggauce, sai ga shi a bakin ƙofar kicin da farar rigar aikinsa, ko takalmi bai cire ba. Mutum ne mai sanyin hali, a shekarun da muka yi tare ban cika ganinsa yana haki ba.

"Malama, ajiye ludayin nan," in ji shi. "Na samo miki shi."

Na ce wa? Ya ce mutumin da ya zauna a cikin ɗakin.

Ashe wani dattijo ne mai aikin Umara ya shigo neman maganin hawan jini, ya zo da kwalin garinsu, sunan maganin ba irin na nan ba ne. Maigida ya tsaya ya duba sinadarin da ke ciki, ya nemo masa makamancinsa. Suna cikin haka hira ta ɓarke, saboda dattijon yana Larabci irin na littafi, yana cika kowace kalma har ƙarshenta, abin da ba a saba ji a kanti ba. Ya ce daga wata ƙaramar ƙasa yake a yankin Balkan, malamin lissafi ne, daga baya ya yi majalisa. Maigidana, wanda ya sha jin babukan kundina a kan tabarmar cin abinci ko yana so ko ba ya so, ya tambaye shi wane kwamiti ya yi. Dattijon ya dubi hagu, ya dubi dama, sannan ya yi dariya ya ce tsohuwar ɗabi'a ba ta mutuwa. Ya ce kwamitin da ke sa ido kan hukumar leƙen asiri. Nan take maigida ya bar wa abokin aikinsa kanta, ya raka shi har ƙofar otal, ya ba shi labarina, ya roƙe shi ya zo gidanmu cin abinci da matarsa. Dattijon ya amsa, ya ce gobe bayan azahar.

Miyar ranar ta kama, ban ma ji ƙaurinta ba. Na zauna, na tashi, na sake zama. Na sa maigida ya maimaita mini labarin daga farko, ina tsayar da shi ina tambayar ainihin kalmar da mutumin ya faɗa. Sai kuma shakka ta kama ni, don na san akwai masu ƙara wa kansu girma a hanyar tafiya. Na buɗe kwamfuta na shiga shafin majalisar ƙasarsu, na yi ta tono cikin tsofaffin hotuna har na kai ga na kwamitin. Na kira maigida ya zo ya duba. Ya ɗora yatsa a kan wani mai baƙin gashi da faffaɗan goshi a layin baya, ya ce wallahi shi ne, furfura kawai ta ƙaru. Na kira malamina a waya, ina magana harshena yana harɗewa, har ya ce in nutsu in sha ruwa tukuna.

Muka yi gardama a kan abinci. Maigida ya ce a sayo mandi, shinkafa da nama irin ta Larabawa, a huta, Turawa ba su san tuwo ba. Na ce mandi suna ci kullum a otal, wanda ya shigo gidan Bahaushe tuwo zai ci. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe da naman rago, na soya masa, na haɗa zoɓo. Tambayoyin da na tsara kuwa, na rubuta na goge, na sake rubutawa, har suka fi ƙarfin zama ɗaya.

Suka iso tare da maigida. Dattijon dogo ne, yana ɗan jan ƙafar dama, matarsa gajeriya ce mai kaifin ido, ta ɗaura farin mayafi a ƙarƙashin haɓa. Likitar haƙori ce da ta yi ritaya, ba ta jin Larabci sai na salla, amma tana Turanci daidai gwargwado. Haka muka yi ta haɗa harsuna, ni da shi Larabci, ni da ita Turanci, su biyu yarensu, ni da maigida Hausa idan muna son mu ce a ƙaro miya. Da na kira shi Baba na gaya masa ma'anarta, sai matar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce a wasu yarukan yankinsu da wannan kalmar ake kiran tsohuwa. Ya ce ya yarda, a ci gaba da kiransa haka. Tuwon ma bai ba su wuya ba. Ta kalli yadda na yanko loma, ta ajiye cokali ta sa hannu.

Bayan an kwashe kwanuka, an kawo shayi da dabino, na nemi izininsa in naɗi muryarsa. Ya yarda, amma ya gindaya sharaɗi. Ba za a ambaci sunansa ba, kuma zai gaya mini yadda ake aikin ne kawai. Abin da ya rantse zai riƙe, zai riƙe shi har kabari. Na ce na amince. Na danna wayar.

Bai fara da majalisa ba, da kakansa ya fara. Ya ce a wurinsa ya koyi Larabci, a ɗakin baya, labule a sauke, don a lokacin koya wa yaro addini abin da zai iya raba mutum da aikinsa ne. A babban birninsu akwai wani gini mai launin toka wanda ba a kiran sunansa, sai dai a ce "can". Idan an ce an kira wane can, an gama magana. Mutane sukan tsallaka titi don kada su bi ta gabansa. Ba ka san wa ke kai rahotonka ba, ko maƙwabci ne, ko abokin aiki, ko wanda kuke shan gahawa tare. Da mulkin ya faɗi aka yi zaɓe, mutanen garinsu suka tura shi majalisa saboda ya koyar da 'ya'yansu kuma ba a san shi da kwaɗayi ba. Da aka zo rabon kwamitoci, kowa ya ruga na kuɗi da na harkokin waje. Na leƙen asiri aka rasa mai so, sai aka cusa shi a ciki, shi da bai iya musu ba.

Daga nan ya ba ni labarin ranar da suka fara zuwa ginin. An ɗebe su a ƙaramar bas, kowa ya sa kwat ɗinsa mafi kyau. Tun daga harabar majalisa har suka isa babu wanda ya yi tari. A kusa da shi akwai wani ɗan adawa, tsohon ɗan jarida, wanda aka taɓa tsarewa a ɗakunan ƙarƙashin wannan ginin. Da bas ta tsaya, mutumin ya kasa tashi daga kujera, sai da Baba ya kama hannunsa suka sauka tare. Sabon shugaban hukumar, farar hula mai fara'a, ya tarbe su a bakin ƙofa, ya kai su wani ɗaki mai kafet, aka kawo gahawa da alewa. Ya yi musu jawabi mai daɗi a kan yadda komai ya canza, ya nuna musu hotuna a bango, ya raka su har mota. Suka yi ta yi masa godiya.

"Sai da muka yi nisa," in ji Baba, "ɗan jaridar nan ya ce, jama'a, wa ya yi tambaya a cikinmu? Muka dubi juna. Babu ko ɗaya. Doka ta aike mu bincike, mu kuma muka je baƙunta."

Na yi dariya har na manta ana naɗa. Wannan shi ne abin da na yi shekaru ina nema a cikin littattafai ban samu ba.

Ya ce daga ranar suka gane ba su iya aikin ba, kuma ba wanda zai koya musu, don waɗanda suka san aikin su ne waɗanda ake son a bincika. Suka fara da neman a ba kwamitin ma'aikatansa na kansa, lauya da masanin na'urori waɗanda ba hukumar ke biyansu ba. Suka matsa aka gyara doka, shugaban kwamitin ya zama daga 'yan adawa yake fitowa. Suka koyi cewa idan ka yi tambaya mai faɗi, amsa mai faɗi za a ba ka, kuma ba ƙarya a cikinta, ba kuma komai. Shi da yake malamin lissafi ne, ya ce sai ya koma yi musu irin tambayar da yake yi wa ɗalibai, wadda amsarta ko e ko a'a.

Babban faɗan da suka yi a kan sauraren wayoyin mutane ne. Doka ta ce ba a sauraren wayar kowa sai da izinin alƙali. Kwamitin ya ce yana son ya shiga ɗakin da ake aikin, ba tare da sanarwa ba, ya gwada abin da alƙalai suka ba da izini da abin da ake yi. Hukumar ta ce wannan zai jefa ƙasa cikin haɗari. Kwamitin ya ce to ba zai sa hannu a kasafin kuɗinta ba. A lokacin jam'iyyar Baba ce ke mulki. Manyanta suka kira shi, wasu da lallashi, wasu da tuna masa cewa zaɓe yana tafe. Ƙuri'arsa ce za ta raba gardama. Ya ce ya yi istihara, ya tashi da safe ya jefa tare da 'yan adawa. Ba a daɗe ba aka buɗe musu ƙofar.

Na matso har bakin kujera. Na ce, "Baba, me kuka gani a ciki?"

Ya ɗauki dabino, ya cire ƙwallon a hankali, ya ce, "'Yata, wannan yana cikin abin da na rantse."

Kamar in yi kuka. Matarsa, da ta fahimci inda aka kai daga yanayin fuskata, ta dafa gwiwata ta ce kada in wahalar da kaina. Ita ma ta gwada da rarrashi, ta gwada da fushi, ta gwada da abincin da ya fi so, ba ta samu ko kalma ba. Abin da ya yarda ya faɗa kawai shi ne bayan wannan ziyarar an sake gyara doka, an kuma sallami wasu mutane daga aiki. Jam'iyyarsa ba ta sake tsayar da shi ba, ya koma aji ya ci gaba da koyar da lissafi.

La'asar ta yi ban kai rabin tambayoyina ba. Maigida ya ga yadda nake kallon takardar, sai ya ce musu gobe ba ya aiki, idan suna so zai kai su Uhudu a motarmu, ba sai sun bi cunkoson ayarinsu ba. Suka yi murna. Na san don ni ya yi, na kuma gode masa da Hausa a gabansu ba su sani ba.

Washegari da hantsi muka je. Muka yi wa shahidai sallama da addu'a, Baba ya daɗe a tsaye yana hawaye. Ya ce tun yana yaro kakansa ke ba shi labarin wannan dutse da raɗa, bai taɓa zaton zai gan shi da idonsa ba. Ƙafarsa ba ta bar shi ya hau tudun maharba ba, sai shi da maigida suka zauna a inuwa. Ni da matar muka zaga rumfunan masu sayar da dabino da na'ana'a da carbi, tana neman tsarabar jikoki.

A nan ta ba ni nata ɓangaren, ba tare da na tambaya ba. Ta ce kada in rubuta labarin kamar tatsuniya mai daɗin ƙarshe. Mijinta mutumin kirki ne, amma kwamitin ba mala'iku ba ne. Akwai waɗanda suka riƙa fitar da abin da suka ji a ɗakin sirri suna ba 'yan jarida don su ɓata abokan hamayya, hukumar kuma ta samu hujjar rufe baki. Akwai waɗanda suka fi kowa ihun a sa ido lokacin da suke adawa, da suka hau mulki suka ce a bar jami'ai su yi aikinsu. Ta ce kowace gwamnati idan ta zo, sai ta ga ashe kunnen nan na hukumar yana da amfani. A lokacin rikicin kasafin, wasu masu zuwa asibitinta sun ɗauke ƙafa, wayar gidansu kuma takan yi ƙara a ɗauka a ji shiru. Har yau ba ta san ko su ne ba, ko tsoronta ne kawai.

Na tambaye ta to me ya canza, in haka ne. Ta tsaya tana jujjuya wani carbi a hannu, ta ce, "Yanzu ina shiga tasi in kira sunan ginin da ƙarfi, in ce a sauke ni a gabansa, don akwai kantin takalma a kusa. Jikata ba ta ma san akwai abin tsoro a wurin ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a rubuta cewa sai an yi ta tsaro, kamar haƙori, ranar da aka daina wankewa ranar zai fara ruɓewa."

Na roƙe ta ta maimaita a cikin waya, ta ce ita ba 'yar siyasa ba ce, amma ta maimaita, har ta ƙara.

A mota, muna komowa, na ba su labarin mahaifina. Ban yi niyya ba, maganar ce ta zo. Baba ya saurara, ya tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa kiran mutanen nan ya ce su faɗi dalili. Na ce babu. Sai ya ciro wayarsa ya ce akwai wadda ya kamata in ji, ta fi shi sanin aikin nesa ba kusa ba. Ita ce ta shugabanci kwamitin daga ɓangaren adawa. Sun yi shekaru suna caccakar juna a zauren majalisa, yanzu kuma su ne ke tambayar lafiyar jikokin juna. Ya kira ta ta bidiyo nan take. Wata tsohuwa mai gajeren gashi ta bayyana, tana cikin lambu da almakashi a hannu. Suka yi yarensu, na ji yana ambaton Madina da Najeriya, tana ɗaga gira. Sai ya miƙo mini wayar. Ta dube ni ta ce da Turanci ta ga saƙona tun watannin baya, ta ɗauka tarko ne, shi ya sa ba ta amsa ba. Tunda wannan mai taurin kan ya ci abinci a gidana, in kira ta ranar da na shirya.

Ban san lokacin da na damƙe hannun matar Baba ba. Maigida yana tuƙi yana kallona ta madubi yana murmushi, har ya wuce kwanar da za mu shiga, sai da muka zagayo.

Suka bar Madina bayan 'yan kwanaki, suka nufi Makka. Muka raka su bakin bas da kwalin dabinon ajwa da ƙullin yajin da matar ta ce tana so. Daga tsohuwar shugabar kwamitin na samu lauyan da ya yi musu aiki, daga lauyan na samu wani tsohon alƙali a ƙasar da ke maƙwabtaka da su, shi kuma ya haɗa ni da wasu. Kowa sai ya tambayi wa ya aiko ni kafin ya buɗe baki. Teburin cin abincinmu ya koma ofis, yara suka saba da shigowa a kan yatsun ƙafa idan sun ji ina Turanci da baƙuwar murya. Babukan da na rubuta da farko na rushe su, na sake gini. Abin da na tsaya a kai shi ne doka mai kyau ba ta isa ba, sai 'yan kwamiti sun koyi tambaya, sun samu ma'aikatan kansu, kuma kuɗin hukumar yana bi ta hannunsu da gaske.

Na je gida kare kundin. A cikin masu jarrabawar akwai wani farfesa da ya taɓa aiki da jami'an tsaro kafin ya koma jami'a. Ya bari kowa ya gama, sannan ya cire tabarau ya tambaye ni ko ina ganin 'yan majalisarmu za su iya riƙe sirri, mutanen da ba su iya riƙe abin da aka faɗa a taron jam'iyya. Na ce wasu ba za su iya ba, can ma wasu ba su iya ba, an kuma yi dokar hukunta su. Amma na zauna da mutumin da matarsa ta yi shekaru tana neman kalma ɗaya a bakinsa ba ta samu ba, kuma shi ne ya fi kowa matsa wa hukumar. Farfesan ya yi dariya ya ce yana son ya ga wannan mutum. Suka fitar da ni, suka dawo da ni, aka ce na ci, da 'yan gyare-gyare.

Kafin in komo Madina, shi wannan farfesan ya sa aka gayyace ni Abuja in yi magana a wani taron bita na ma'aikatan majalisa. Na kwana ina shiri, na zaci zauren zai cika. Mutane kaɗan suka zo, wasu ma suna ta fita amsa waya. Na yi bayanina duk da haka, da zumuɗina gaba ɗaya, har na wuce lokacin da aka ba ni. Da aka tashi, wata mata mai kimanin shekaruna, akawun wani kwamiti, ta biyo ni har bakin mota. Ta ce ita dai abu ɗaya take son ta fahimta sosai, yadda suka yi har kwamitin ya samu lauyansa na kansa, da wanda ya biya shi, da yadda aka tantance shi. Direban da zai kai ni filin jirgi yana ta duba agogo. Na ce masa ya kashe motar, na ajiye jakata a kan but ɗin, muka tsaya a rana ni da ita na fara yi mata bayani daga farko.